Ƙaya Bakwai a Kafaɗar Mai Rawa

A wani gida da ke gefen birnin Leeds, a arewacin Ingila, akwai ɗan ƙaramin ɗaki wanda masu gidan na farko suka gina don ajiye kwal. Mutumin da ke haya a gidan yanzu injiniya ne, haifaffen Kano, kuma ya mayar da ɗakin maƙerarsa. Babu wuta a ciki, babu zugazugi, babu uwar maƙera. Abin da ke kan teburinsa filaya biyu ne, da magagari, da ɗan injin huda, da gwangwanaye cike da zobban waya da ƙananan fallayen alminiyom masu siffar ganye. Da rana yana lissafin bututu da famfuna a wurin aikinsa. Bayan sallar isha'i kuwa yakan zauna ya haɗa waɗannan fallaye ɗaya bayan ɗaya, har su zama wani abu mai kama da jikin kifi, wanda 'yan wasan kwaikwayo da mawaƙa da masu kwaikwayon shigar jaruman fim suke saye su ɗaura a kafaɗa ko a damtse ko a ƙirji.

Kakansa na wajen uba maƙerin fari ne a cikin birni, irin waɗanda ke aikin azurfa da tagulla, suna ƙera munduwa da zobe da kayan adon doki, suna barin garma da gatari ga maƙeran baƙi. Mahaifinsa ya yi boko ya bar sana'ar, ƙanen mahaifin ne ya riƙe ta. Shi kuwa injiniyan bai taɓa zama a gaban wuta ba, iyakarsa da maƙera a aike shi ya kai abinci. Don haka da labari ya isa gida cewa yana can a ƙasar sanyi, da shekara talatin da 'yan kai, yana lanƙwasa waya har tsakar dare, abin ya ba dangi dariya. Baffan nasa ya ce gado ne ya rasa ƙofa ya biyo ta taga.

A shekararsa ta huɗu a wannan aiki wata mai rawa ta zo masa da zane a takarda. Tana cikin wata ƙaramar ƙungiyar wasan dandamali, za ta fito a matsayin sarauniyar macizai, kuma tana son abin kafaɗa guda ɗaya, na hagu, wanda zai taso daga gindin wuya ya sauko zuwa tsakiyar damtse. Fallayen su kasance baƙaƙe a sama, su riƙa komawa launin jan gaci a ƙasa. A kan doron kafaɗar kuma ta zana ƙayoyi bakwai na ƙarfe a jere, mafi tsawonsu santimita 6. Ta ce tana son wanda ke zaune a kujerar ƙarshe ta zauren ya ji ba ya fatan ta matso kusa da shi. Ya duba zanen, ya yi lissafi, ya faɗi kuɗi da ranar karɓa, suka rabu kowa yana murna.

Yadda ake saƙa ƙarfe

Fallen da ake wannan aiki da shi ƙanƙani ne, tsawonsa ya ɗan haura santimita 2, akwai kuma babba mai kusan santimita 5. Inji ne ke yanko shi daga faifan ƙarfe, ya ɗan ƙumbura tsakiyarsa don ya yi ƙarfi, ya huda rami ɗaya a samansa. Duk ginin yana rataye a wannan rami ɗaya. Zobba huɗu ke ratsa shi: biyu suna kama fallayen da ke sama, dama da hagu, biyu suna kama na ƙasa. Da yake kowane zobe fallaye biyu ne suka yi tarayya a kansa, lissafin yakan tashi zobe biyu ga kowane falle. Abin kafaɗar mai rawar ya ci fallaye wajen 900, wato zobba kusan 1,800, kuma babu ɗaya a cikinsu da bai bi ta bakin filaya ba.

Buɗe zobe ma da ƙa'idarsa. Ba a janye bakinsa biyu su rabu kamar ana buɗe baki, domin yin haka yana ɓata da'irarsa, kuma ba zai sake rufuwa daidai ba. Murɗa shi ake yi, hannu ɗaya ya yi gaba ɗaya ya yi baya, a zura fallaye, a mayar da shi har bakin biyu su haɗu ba tare da ratar da za ta kama gashi ko zare ba. Daga baya ake saƙar, fuskar fallayen tana kallon tebur, don haka mai aikin yakan shafe sa'a guda yana kallon tarkacen zobba kafin ya juya ya ga abin da ya yi. Zobe ɗaya idan an ja shi da yatsa sai ya buɗe. Amma a cikin saƙa nauyin yana rarrabuwa a kan ɗaruruwansu, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Zaɓen alminiyom kuwa maganar nauyi ce. Santimita ɗaya mai fuska shida na alminiyom giram 2.7 ne, na baƙin ƙarfe kusan giram 7.8, wato ninki uku. Mai rawa da za ta yi minti arba'in tana juyi ba za ta iya da ƙarfen gaske ba. Sai dai alminiyom tsurarsa yana barin baƙin shafi a fata da tufa idan ya gogu. Maganin wannan shi ne a tsoma shi cikin ruwan asid a sa masa lantarki, sai wani siririn ɓawo mai tauri ya tsiro a jikinsa, mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Rini yana shiga waɗannan ƙofofi, sannan a toshe su da tafasasshen ruwa. Shi ya sa baƙin da jan da mai rawar ta nema ba fenti ba ne da zai ɓamɓare, a cikin fatar ƙarfen suke.

Wurin da gwani ke bambanta da ɗan koyo shi ne lanƙwasa. Saƙar tana fitowa a shimfiɗe kamar tabarma, kafaɗa kuwa dunƙulalliya ce. Dole a riƙa rage falle ɗaya a wasu layuka, a ƙara a wasu, kamar yadda mai ɗinkin faifai ke ƙara ɗinki yayin da da'irar ke faɗaɗa. Idan ragin ya yi yawa sai abin ya tattare, idan ya yi kaɗan sai fallayen su miƙe tsaye su nuna zobban da ke ƙarƙashinsu. Injiniyan ya warware doron kafaɗar sau uku kafin ya kwanta. A ƙarshe aikin ya ci masa sa'a arba'in.

Tsohuwar dabara

Rufe jiki da ƙananan fallaye masu hawa kan juna ya girmi daular Rum da nisa. A cikin kabarin Fir'auna Tutankhamun, wanda aka gano a Masar a 1922, an sami rigar yaƙi da aka yi da fallayen fata a jere. Sojojin Rum sun sa irinta ta tagulla da ta ƙarfe: sukan ɗaure fallayen gefe da gefe da 'yar waya, sannan su ɗinke layukan a jikin ƙyallen lilin. A Dura-Europos, wani gari a bakin kogin Furat a Siriya wanda ya faɗi hannun Farisawa wajen shekara ta 256, masu tono sun fito da rigunan doki na fallaye a farkon shekarun 1930, kusan a cike kamar yadda aka ajiye su. A Leeds ɗin ma, a gidan tarihin makamai na Royal Armouries da aka buɗe a 1996, akwai labarin wata riga daga Indiya ta ƙarni na 19 wadda aka yi da ɓawon ɗankunya na gaske, aka yi mata ado da zinariya. Injiniyan ya sha yin Asabar ɗinsa a wannan gida, yana leƙen ɗinki ta bayan gilashi.

Abin da ya sani tun yana yaro kuwa ɗan'uwan wannan ne, wato sulke, wanda zobba ne zalla babu fallaye. Ya gan shi a jikin mahaya ranar Hawan Daushe, a kusa da 'yan lifida masu kama da katifa mai tafiya. Kundin tarihin sarakunan Kano ya danganta shigowar lifidi da kwalkwali da sulke ga Sarki Kanajeji, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1390 zuwa 1410. A 1964 wani masani Bature, A. D. H. Bivar, ya wallafa bincike a kan makaman da ke fadojin Arewa, inda ya nuna cewa tsofaffin sulkuna da yawa daga waje aka shigo da su. Saƙar da injiniyan ke yi a yau aure ce tsakanin waɗannan biyu: fallayen Rumawa a kan zobban sulke, ba tare da ƙyalle a baya ba.

Komawar wannan abu daga fagen fama zuwa fagen ado ba ta daɗe ba. A watan Fabrairun 1966 wani matashi mai suna Paco Rabanne, wanda ya karanta zanen gine-gine, ya nuna riguna goma sha biyu a birnin Paris waɗanda ya haɗa da fallayen roba da ƙarfe da zobba, ya kuma kira su da kansa rigunan da ba sa sawuwa. Coco Chanel ta yi masa shaguɓe da cewa maƙeri ne, ba maɗinki ba. Bayan shekara talatin da wani abu, da aka zo shirya finafinan The Lord of the Rings a Niyu Zilan, ma'aikatan Weta Workshop sun yanka bututun roba suka haɗa zobba fiye da miliyan 12 da hannu, aka shafa musu launin ƙarfe, domin 'yan wasa su iya gudu da su yini guda. Tun daga Paris har Wellington darasin ɗaya ne: kayan wasa aikinsu su gamsar da ido, su kuma bar jikin da ke ciki ya sarara.

Inda ƙaya ta fito

Ƙaya kuwa baƙuwa ce a wannan tarihi. Wanda ya zagaya gidan tarihin makamai zai lura cewa rigunan yaƙin gaske sumul suke. Maƙeran Milan na ƙarni na 15 sun ɓata ƙarfinsu wajen zagaye kowace kusurwa, domin takobi ya zame ya wuce. Tsini a jikin sulke yana kama sara ya riƙe shi, ya tura ƙarfinsa cikin jikin mai sanye da shi, ya kuma sarƙe da linzami da tufa da abokin sahu. Inda aka sa shi, galibi a ƙoƙon kai ne, nesa da gaɓoɓi masu motsi: kwalkwalin Farisa da Indiya, da hular sojan Furusiya mai tsini da aka fara sawa a 1842. Ita ma da aka shiga ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya sai tsinin ya zama abin da ke tona asirin soja, aka fara cire shi, a 1916 kuma aka maye gurbinta da kwalkwalin ƙarfe marar ado. Mutanen tsibiran Kiribati sun yi hular yaƙi da busasshiyar fatar wani kifi mai ƙaya, ita ma a kai.

Ainihin gidan ƙaya a jiki wuyan kare ne. Makiyayan Sifen da Italiya da Turkiyya sun daɗe suna ɗaura wa karnukansu abin wuya mai ƙusoshi don kada kyarkeci ya kama maƙogwaro. Daga nan matasan Landan na shekarun 1970 suka ɗauko shi. Kantin Vivienne Westwood da Malcolm McLaren da ke lamba 430 a titin King's Road ya sayar musu da fata da sarƙa da ƙusa, mawaƙan Birmingham irin su Rob Halford na ƙungiyar Judas Priest suka hau dandamali da su, masu zanen littattafan barkwanci da wasannin kwamfuta suka ɗora wa jarumansu kafaɗu masu tsinin da ba a taɓa gani a wani yaƙi ba. Zanen da mai rawar ta kawo jikan waɗannan ne. An gaji siffar daga takarda da allon kwamfuta, inda jarumi ba ya da kunnen da zai yanke.

Ɗora ƙaya a kan saƙar fallaye yana da wahalarsa ta injiniyanci, kuma wannan ɓangaren injiniyan ya ƙware a kai. Ƙaya mai tsawon santimita 6 da gindi mai faɗin santimita 1 tamkar sandar ɓanɓare dutse ce: duk ƙarfin da ya bugi tsininta daga gefe yana isa gindinta ya ninka kusan sau shida. Falle ɗaya ba zai riƙe wannan ba, zai lanƙwashe, ƙayar ta sunkuya. Saboda haka ya yanko ƙirgi mai kauri ya shimfiɗa a ƙarƙashin doron kafaɗar, ya huda fallaye bakwai, ya zura sukurun kowace ƙaya ta cikin falle da fata, ya sa mata faffaɗan washa a baya, ya ɗiga mannin da ke hana sukuru warwarewa. Da ya ɗora abin a kan mutum-mutumin tela da ke kusurwar ɗakin, ƙayoyin bakwai suka tsaya cak, suna kallon sama da waje, ko girgiza ba sa yi. Ya ɗauki hoto ya tura wa baffansa. Mai rawar ta zo, ta ɗaura a gaban madubi, ta juya dama ta juya hagu, hannayenta a ƙugu, ta biya sauran kuɗin ta tafi.

Daren gwaji

Kwana biyar bayan haka, da misalin ƙarfe tara na dare, wayarsa ta yi ƙara. A wurin gwajin wasa, a sashen da sarauniyar ke tashi daga ƙasa ta wurga hannun hagu sama da kai, ƙaya ta biyu daga wuya ta shiga ƙarƙashin muƙamuƙinta ta ja layi har gindin kunne. Sai da aka yi mata ɗinki huɗu. Wadda ta kira ta ce masa kada ya damu, tsautsayi ne. Ya yi godiya, ya ajiye wayar, ya tsaya a gaban madubin banɗaki ya ɗora yatsa a doron kafaɗarsa yana nuna sama, ya ɗaga hannun a hankali. Kafin hannun ya miƙe, yatsan ya taɓa kuncinsa.

Abin da ya gani a madubin yana cikin kowane littafin ilimin gaɓoɓi. Idan mutum ya ɗaga hannu daga cinya zuwa saman kai, kusan kashi biyu cikin uku na motsin daga mahaɗar kafaɗa yake fitowa, sauran kashi ɗayan kuwa allon kafaɗa ne da kansa ke juyawa a kan haƙarƙari. Ma'ana, doron kafaɗa ba dandamali ba ne da ke zaune wuri ɗaya. Yana tashi, yana mirginowa ciki, kuma duk abin da aka dasa a kansa yana kallon sama idan hannu na ƙasa, zai koma kallon wuya da kunne idan hannu ya tashi. Ƙirgin da washar da mannin da ya yi alfahari da su sun tabbatar da cewa ƙayar ba ta kauce ba ko kaɗan lokacin da ta sami fata. Da aikin nasa ya yi sako-sako, da ta sunkuya ta wuce. Tsakanin inda layin ya tsaya da idonta bai kai faɗin tafin hannu ba.

Washegari da safe ya kira Kano. Bayan gaisuwa ya ba da labarin, yana ta bayanin allon kafaɗa da kashi biyu cikin uku. Tsohon ya bar shi ya gama.

"To, Injiniya," in ji shi, "a jikin wa ka auna?"

"A jikin gunkin tela, Baffa. Ita ma ta zo ta gwada."

"Ta yi rawar a gabanka?"

"A'a, Baffa."

"Ashe gunki ka yi wa aiki, ita kuma ta biya. Mu nan ko munduwa ce, ba a sallamar mace sai ta lanƙwasa hannu, ta yi kamar tana daka, a ga inda ta cije ta. Kada ka bari su ce maka tsautsayi ne, ɗana. Tsautsayi na wanda ya auna ne."

Kafin su yi sallama baffan ya tuna masa abin da malamai ke faɗa a tafsirin Suratu Saba'i, inda aka ambaci cewa an tausasa wa Annabi Dawuda, amincin Allah ya tabbata a gare shi, baƙin ƙarfe, aka umarce shi da yin sulkuna cikakku, ya kuma kyautata awo a saƙarsu. Masu tafsiri sun ce kada ƙusar zobe ta yi siriri ta riƙa lilo, kada kuma ta yi kauri ta fasa zoben. Baffan ya ce shi abin da ya fahimta, wanda aka ba mu'ujizar narkar da ƙarfe a hannu ma ba a ɗauke masa awo ba.

Aiki na biyu

Ya je ya same ta da yamma, ya ba ta haƙuri ba tare da ya ambaci allon kafaɗa ba, ya ce zai mayar mata da kuɗinta. Ta ƙi karɓa. Wasan saura mako uku, kuma tana son abin kafaɗarta. Ya ce to zai cire ƙayoyin. Nan ma ta ƙi, har ta ɗan fusata: ta ce sarauniya marar ƙaya kifi ce kawai, kuma ba don ta yi kyau ta zo wurinsa ba. A nan ya gane cewa tsoron da ya kwana da shi yana neman kai shi ga wani kuskuren. Da farko ya bauta wa zane ya manta da jikinta. Yanzu yana shirin kare jikinta ya watsar da abin da take son faɗa wa masu kallo, wanda shi ma haƙƙinta ne.

Sai ya roƙe ta abu ɗaya: ta bar shi ya zauna a wurin gwaji. Ya je dare uku da kwali da almakashi da salatif. Ya manna mata ƙayoyin takarda a kafaɗa, ya shafa wa tsininsu alli, ta yi rawar tun daga farko har ƙarshe. Duk inda alli ya taɓa wuya ko kunci ko gashi, ko hannun namijin da ke ɗaga ta sama a tsakiyar wasan, ya rubuta. Wannan namiji ma bai taɓa shiga lissafinsa ba, alhali tafinsa yana sauka ne daidai inda ƙaya ta biyar take.

Abin da ya fito daga waɗannan darare ya bambanta da zanen farko, amma daga nesa ba a ganewa. Ya janye layin ƙayoyin daga doron kafaɗa zuwa bayanta, ya kwantar da su suna kallon baya da waje kamar na beguwa, ta yadda idan hannu ya tashi sai su nufi sararin da ke bayan kai. Biyun da ke kusa da wuya ya gajarta su zuwa santimita 2, ya mayar da mafi tsawo can ƙasa a kan damtse. Ya goge kowane tsini da magagari har ya zama kamar kan ashana, domin ya lura cewa daga taku goma ido ba ya ganin kaifi, siririn jiki da ƙyalli yake gani ya yanke hukunci. Biyun da hannun abokin rawar ke bi ta kansu ya zuba su da roba mai laushi ya shafa musu launin ƙarfe, dabarar mutanen Wellington. Sauran kuma ya sauya musu ɗauri, ya sa su a kan fata mai taushi wadda ke ba da kai idan an danna.

Akwai wani abu kuma da bai zo a waya ba, sai da ya gani da idonsa: jan ƙurji a gindin wuyanta, daidai inda washar ƙaya ta farko ke taɓa fata. Ƙayoyin arha da ake saya a intanet galibi tutiya ce da aka lulluɓe da nikel, shi kuwa nikel yana cikin ƙarafan da suka fi haddasa ƙaiƙayin fata, musamman idan gumi ya jiƙa shi. Tun 1994 Tarayyar Turai ta kafa iyaka a kan abin da ke daɗewa a jikin fata, cewa kada nikel ɗin da ke fita daga gare shi ya wuce rabin maikrogiram a kowane murabba'in santimita a mako. Akwai ruwan gwaji mai arha wanda ake ɗigawa a auduga a goga, idan ta koma ruwan hoda to akwai nikel. Ya goga, ta koma. Ya zubar da ragowar ƙayoyin da ya sayo, ya nemo na alminiyom, ya kuma rufe bayan abin gaba ɗaya da shafi na ƙyalle.

Aiki na biyu ya ci sa'a ashirin da biyar, ban da dararen gwaji, kuma bai karɓi ko sisi a kansa ba. Idan aka raba kuɗin da ta biya da sa'o'in duka, abin da ya samu bai kai rabin mafi ƙarancin albashin ƙasar ba. Wannan ma ya koya masa wani abu game da farashi. A da yana lissafin fallaye da zobba da sa'o'in saƙa. Yanzu akwai layi na huɗu a takardarsa, na zuwa kallon mai kaya yana motsi, kuma wanda bai yarda da wannan layi ba yakan ba shi haƙuri ya nemi wani. Ya rasa masu saye biyu ko uku a kan haka, waɗanda ke nesa suna son a aiko musu ta gidan waya. Waɗanda suka nace yakan sa su ɗauki bidiyo da ƙayoyin kwali da alli, su ɗaga hannu, su sunkuya, su rungumi wani, su zauna a kujerar mota.

Ranar da aka buɗe wasan ya sayi tikitin kujerar ƙarshe, inda ta ce tana son tsoron ya isa. Da fitila ta sauka a kanta, fallayen suka yi ta canza launi daga baƙi zuwa ja kamar garwashin da ake hurawa, matar da ke kusa da shi ta ja numfashi ta matsa baya a kujerarta. Shi bai ga wannan sosai ba. Idonsa yana kan hannun hagu, yana ƙirga kiɗan da ya haddace a dararen gwaji, har ta durƙusa, ta taso, ta wurga shi sama da kai. Ƙayoyin suka buɗe a bayanta suka rufe. Ƙarƙashin hodar da ta shafa, tabon ɗinki huɗun yana nan, kuma likita ya gaya mata zai dushe amma ba zai ɓace ba.

Mutum-mutumin telan har yanzu yana kusurwar ɗakin kwal, ana rataye masa aikin da aka gama don kada ya tattare. Ƙaya ta biyu daga wuya kuwa, ta farkon, mai santimita 6 da tsininta yadda yake, injiniyan bai zubar da ita tare da sauran ba. Tana cikin gwangwanin zobba, inda yatsunsa ke cin karo da ita sau da yawa a kowane dare.